Kunnen Hagu Ne Ya Rage

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Ya ƙafar Inna? Ki gaishe min da ita, ki ce mata ina nan ƙalau.

Na san kuna fushi da na daina kiran waya. Wallahi ba wulaƙanci ba ne.

Aikin ba wuya, alhamdulillahi. Tsofaffin motocin manyan attajirai ake kawo mana gwaji, wasu sun girmi Inna amma sai ƙyalli suke kamar amare. Direba zai hau dogon titi ya take mota har ƙarshen gudunta, ni kuma ina gefensa, na kara kai kusa da injin ina sauraron ko wani abu na kuka. Shi yana toshe kunnuwansa. Ni ba dama, ai kunnen aka ɗauka aiki.

To Yaya, kunnena na dama ya mutu. Na hagun ma shuuu yake yi, kamar ruwan sama a kan kwano. Shekaranjiya maigidana na wurin aiki ya tambaye ni me na ji a wata jar mota, na ce lafiyarta lau. Ban ji komai ba. Ranar da ya gane, sai dai in tattara kayana. In na zauna kuma, na hagun zai bi ɗan'uwansa.

An ce 'yata ta fara cewa Baba. Don Allah ki ɗauki muryarta a waya ki turo min cikin makon nan. Kar ki jira sai ta iya sosai. Ki sa ta faɗa da ƙarfi.

Allah ya bar zumunci.

Ƙaninki