Mijina Bai Mutu Ba, Ku Sauke Hotona

Zuwa ga Hajiya Manajar asusun ba mata rance, reshen Minna.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ke da iyali da ma'aikatanki. Ni ce Hajara mai ƙuli-ƙuli ta Maitumbi, wadda kuka ba rancen naira dubu ɗari da hamsin bara bayan ƙaramar salla don in sayi injin matsar gyaɗa. Na yi ta zuwa ofishinku, kullum mai gadi sai ya ce kina taro. To, tunda ƙofa ta ƙi buɗuwa, zan faɗa a bainar jama'a.

Na farko. Ranar da jami'arku ta zo ɗaukar hoto, ta sa na cire ɗan kunnena, na sauya atamfata da tsohon zanen aiki. Ta tattaro yaran maƙwabta, ta zaunar da mu a gindin katangar da ruwa ya rushe. Da na nemi dalili, ta ce na fayil ne kawai. Na yarda, don ina son injin.

Na biyu. Ashe shafinku na intanet kuka kai hoton, inda mutanen ƙasashen waje ke zaɓar wadda za su ba rance. A ƙarƙashinsa kuka rubuta da Turanci wai mijina ya rasu ya bar ni da marayu bakwai. Innalillahi! 'Ya'yana uku ne, Hajiya. Mijina kuma, Malam Isa mai gyaran keke-napep, yana nan da ransa da lafiyarsa. Ɗan yayansa da ke Kuta ya gani a waya, ya fassara wa surukata. Suka kira wayar Malam, ba caji, kin dai san halin wutarmu. Washegari da sassafe sai ga mota cike da dangi a ƙofar gidanmu, ana salati ana kuka, tsohuwa a rirriƙe. Suka tarar da mamacin yana shan koko.

Unguwa ta sha dariya. Ni ban yi ba, domin danginsa sun ce ni na kashe musu ɗa da bakina saboda kuɗi. Surukata ta ce ya sallame ni. Bai furta ba, amma tun ranar bai ƙara sa hannu a abincina ba. Aurena ne yake rawa, kuma wallahi zuciyata ƙuna take yi.

Na uku. A shafin kun ce masu ba da kuɗin ba sa karɓar ruwa, taimako ne. Ni kuwa kowace Talata da ruwa nake biya. Can ku nuna fuskata da sunan taimako, nan ku karɓi riba. Aljihun wa take shiga?

Jami'arku ta bugo mini waya, wai in na yi surutu za a hana ƙungiyarmu rance na gaba. Na gaya wa matan ƙungiyar da muka karɓi rance tare, suka ce in rubuta, su ma an cire musu 'yan kunne. Ku riƙe na gaban. Ni ba mabaraciya ba ce, sana'a gare ni, kuma ban taɓa tsallake biya ba.

Buƙatuna: ku sauke hoton nan. Ku gaya wa waɗanda suka ba da kuɗinsu gaskiya. Sannan wadda ta rubuta ƙaryar ta hau mota zuwa Kuta, ta durƙusa gaban surukata, ta ce ba daga bakina ta fito ba.

Allah Ya ba ki ikon yin adalci, Ya tsare miki aurenki daga alƙalamin wani.

Ranar Talata kuɗinku zai zo cif, kobo ba zai yi ciwon kai ba. Na roƙi Malam alfarma ɗaya, ya kuma amsa: shi zai kawo da hannunsa. Sai ki fito daga taro, ki dubi idon mamacin, ki rubuta masa rasit.

Wassalam.

Hajara mai ƙuli-ƙuli,
Maitumbi, Minna.