Duna Ya Zaɓi Abokiyar Gudu

Zuwa ga Yayana Iliya, a Tawa.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da dangin Baba da suka karɓe ka. Inna tana gaishe ka, ƙafarta ta yi sauƙi. Mu ma nan Khumra ta Jidda muna nan yadda ka bar mu, sai zafi da ƙarar manyan motoci.

Na san za ka ce me ya hana ni faɗa a waya. Ai ka san wayarmu. Inna ce ke karɓewa ta tambaye ka ko kana cin abinci, ta sake tambaya, kafin ta miƙo min kati ya ƙare. Kuma na lura tun da ka tafi ko sau ɗaya ba ka tambayi Duna ba. Ban ɗauka ka manta ba ne. Na san halinka, abin da ya fi ci maka rai shi ne ba ka tambaya. To yau zan ba ka labarin karenka, ka nemi inuwa ka zauna.

Ranar da masu duba takardu suka tare ka a Waziriyya, ƙafafun kajin da ka je sayo masa ne a hannunka. Usman mai kaji ne ya kawo ledar har siton da muke zaune a harabarsa, shi ya gaya mana an tafi da kai saboda iƙamarka, takardar izinin zama, ta mutu. Na zuba wa Duna, ya sansana, ya koma bakin ƙofar ƙarfe ya kwanta yana kallon hanya. Tun daga ranar nan wurin ya zama nasa.

Ka tuna yadda muke fita bayan sallar asuba, ni da kai da shi, mu ratsa bayan situna, mu bi filin gishirin nan har bakin teku? Kai a gaba da dogayen ƙafafunka, Duna yana kewaya mu kamar ya raina gudun namu, ni a baya ina haki ina mitar wanda ya fara kawo wannan wahala duniya. In ka kai baƙin dutsen nan sai ka zauna a kai ka ce, "Yalla ya Habu, ƙaraso, ful na hucewa." Ni da kai mun san babu wani ful, waken karin kumallon nan, sai mun koma gida, amma kullum sai ka faɗa, kullum kuma sai na ji haushi. Yau da za ka faɗa min sau ɗaya, da na yi gudun har Makka.

Na gwada fita da shi, Yaya. Na yi fito irin naka, na tafa cinya irin taka. Yakan raka ni zuwa ƙarshen katanga, ya tsaya, ya dube ni kamar yana cewa kai ɗin wa, ya juya. Ya daina haushi. Haƙarƙarinsa suka fito ana iya ƙirgawa. Kyanwoyin bola, waɗanda da ko inuwarsa ba sa yarda su taka, suka koma cin abinci a kwanonsa yana kallonsu.

Ana cikin haka aka shigo harabar sito aka ɗauke tayoyi, Duna bai ce uffan ba. Da kafilinmu Abu Nasir, mai siton, ya zo, ya tsaya a kansa ya daɗe yana girgiza kai, sannan ya ce, "Ya Habu, wannan kare khalas, ya ƙare. A nemo mai haushi, shi kuma a kai shi jeji a sake shi." Ka san mutumin, ba mugu ba ne, sito yake tsaro. Amma ni na san abin da jejin nan ke yi wa karen da ya saba da kwano. Na roƙe shi ya bari a kawo na biyu a haɗa su, ko Allah zai sa Duna ya farfaɗo. Ya ce ya ba ni zuwa azumi. In wata ya kama Duna bai tashi ba, da kansa zai sa shi a mota.

Daga nan kowa ya zama malamin karnuka. Direbobin da ba su taɓa kiwon ko kaza ba suka dinga ba ni shawara. Ɗan Abu Nasir ya nuna min hoton wani mai gashi buzu-buzu da shuɗin ido, irin na ƙasashen ƙanƙara, wai shi ne ake yayi. Na tambaye shi a ina zai kwana, ya ce a ɗaki mai mukayyif. Yaya, mu da fanka muke kwana, ita ma sai an ɗan mare ta take juyawa, amma kare zai samu na'urar sanyi! Da ka ji wannan da ka yi dariyar nan taka mai sa ka riƙe ciki.

Shi Abu Nasir irin na Jamus yake so, wanda Larabawa ke cewa bolisi. Har ya aro ɗaya daga wurin abokinsa aka kawo gwaji. Gaskiya kare ne, in ya yi haushi har kwanon rufi sai ya amsa. Na fita da shi gudu, kafin mu kai rabin filin gishiri ya zaro harshe ya zube, sai da na koma na ɗebo masa ruwa. Da muka dawo ya zarce inuwar bakin ƙofa, ya yi wa Duna gurnani ya tashe shi. Duna bai ja ba. Ya shige ƙarƙashin tsohuwar tirelar nan da ba ta tashi, ya ƙi fitowa, ko ruwa ya daina sha. A ranar na ji tsoro sosai. Na mayar da bolisi wurin mai shi tun kafin a tambaye ni.

Ina zaune kusa da tirelar ina lallashinsa sai maganarka ta faɗo min. Ni ban ga farautar Baba ba, a Jidda na buɗe ido na same shi yana gadi. Kai ne ka bi shi daji kana yaro, kai ne kake ba ni labarin karnukansa masu dogayen ƙafafu da siririn ciki. Ka ce in Baba zai ƙara kare, ba ya zuwa shi kaɗai. Tsohon karensa yake ja su tafi tare, ya tsaya gefe ya yi shiru. Ka ce Baba kan ce, "Ba da ni zai ci a kwano ɗaya ba, don me zan zaɓa masa?" Sau nawa ka ba ni wannan labari ina hamma. Ashe ajiya kake yi min.

Usman mai kaji ya san wani tsohon Balarabe makiyayi a kan hanyar kudu, mai kiwon salugi, karnukan farautar nan nasu sirara masu gudu kamar iska. Ya gargaɗe ni kada in kuskura in yi maganar ciniki, don mutanen ba sa sayar da kare, kyauta suke bayarwa ga wanda suka yarda da shi. Ranar Juma'a bayan la'asar na sayi gahawa da sukari, na ciccibi Duna na sa a bayan mota. Yaya, karen da da sai mu biyu muke riƙe shi in za a yi masa wanka, da hannu ɗaya na ɗaga shi.

Tsohon ya karɓe mu, ya ba mu gahawa, ya saurari labarin duka bai katse ni ba. Da na gaya masa yadda Baba ke yi, sai ya dube ni da kyau ya ce, "Allah yarham abuk," wato Allah Ya jiƙan babanka, ya sa aka buɗe wa 'yan karnukansa. Sun ɗan tasa, ƙafafu sun yi musu yawa, suna ta faɗuwa a kan juna.

Ni idona na kan wani fari tas mai kyan ƙira. A zuciyata har na ga Abu Nasir yana yaba ni. Farin ya zo ya sansana Duna, ya ga ba abin wasa a nan, ya yi gaba. Sauran ma haka. Duna na kwance, haɓarsa a ƙasa. Na fara tunanin na ɓata gahawata.

Sai ga wata 'yar ramammiya mai launin yashi, kunnenta ɗaya a tsage, wadda ni ko kallo ba ta ishe ni ba. Ta zo ta kama jelarsa ta ja. Bai motsa ba. Ta zagayo ta ciji kunnensa. Ta ja da baya, ta yi masa wani ɗan siririn haushi, ta sake dawowa. Marar kunya ce ta gaske, Yaya, irin yaran da kake cewa a bar su za su yi arziki.

A karo na nawa ban sani ba, Duna ya ɗaga kai ya yi gurnani. Wannan ne sautin farko da na ji daga bakinsa tun tafiyarka. Ta ruga, ya miƙe. Ƙafafunsa na rawa amma ya bi ta, suka zagaya garken awaki, ta waiwayo ta jira shi, suka sake zagayawa. Na juya baya na yi kamar ƙura ce ta shiga idona. Tsohon ya gane, ya kau da kai, ya ce, "Khalas, hiya lak," wato shi ke nan, taka ce.

Saura abu ɗaya, kuma saboda shi na ɗauki alƙalami.

Ka ce in Baba ya kawo sabon kare, a kan tsohuwar rigar wanda zai zama ubangidansa yake kwantar da shi kwanakin farko, rigar da ba a wanke ba, don warin mutumin ya zauna masa a hanci har abada. Haka ka yi wa Duna ranar da ka tsinto shi bayan unguwar masana'antu. Da muka iso gida magariba ta kusa, na tsaya a tsakar haraba na fara cire rigata. Na cire hannu ɗaya sai na kasa cire ɗayan. Na ga in na shimfiɗa tawa, na yarda ke nan gidan nan ba ya jiran kowa.

Ka san shuɗiyar rigarka ta gudu, wadda ka rataye a ƙusa a bayan ƙofar ɗakin Inna da safen ranar da aka tafi da kai? Tana nan a wurin. Inna ba ta wanke ta ba, ba ta bari kowa ya taɓa ba. Na sha ganinta in ta idar da salla ta kai fuskarta jikin rigar, ta ɗauka ba na gani. Ban iya roƙonta ba. Ka san Inna da kare: ko zaninta Duna ya goga sai ta canza, kwanon da ya lasa kuwa sai ya sha wanki da ƙasa. Shekara da shekaru ba ta taɓa kiran sunansa ba, sai dai "wancan abin naku."

Tana tsaye a bakin ƙofa da buta a hannu, tana kallona da riga rabi a wuya. Ta dubi 'yar karyar, ta dubi Duna da ke shan ruwa kamar zai haɗiye kwanon. Ta ajiye butar ta shiga ɗaki. Da ta fito rigarka ce a hannunta, a ninke. Ba ta ba ni ba. Da kanta ta taka har inuwar bakin ƙofa, inda ba ta taɓa zuwa ba, ta durƙusa da ciwon ƙafarta ta shimfiɗa. Ta ce, "Gara ta san shi tun yanzu, kada ya dawo ta yi masa haushi kamar baƙo."

Kafin ƙaramar ta ƙarasa, Duna ya riga ta. Ya tura hancinsa cikin rigar ya yi wani irin kuka a hankali, ya kwanta a gefe ɗaya ya bar mata ɗaya gefen. Inna ta je ta wanke hannu, ta daɗe tana wankewa, bayanta a juye gare ni.

Azumi ya kama, Yaya, kuma Duna na nan. Ran nan wani direba ya zo ɗaukar kaya bai yi sallama ba, su biyun suka kore shi har saman motarsa. Abu Nasir ya yi dariya har da tari, bai sake maganar jeji ba.

Mun koma gudu. Ba kamar da ba, Duna ya tsufa a 'yan watannin nan, ni kuma ka san ni. Ita ce a gaba yanzu, in ta miƙe ƙafa sai dai ka hangi ƙura. Amma in mun kai baƙin dutsen, Duna sai ya tsaya, ya zauna a gindinsa ya juya yana kallon hanyar da muka biyo. Da farko takan yi ta tsalle tana jan sa su wuce. Yanzu ta daina. Tana isa ta zauna kusa da shi, ta ɗaga kunnen nan nata mai tsaga, ita ma tana kallon hanya. Tana jiran mutumin da ba ta taɓa gani ba. Ni ma nakan tsaya tare da su, ban taɓa zama a kan dutsen ba.

Na yi kewarka, Yaya. Ban iya faɗa a waya ba, ga shi na rubuta.

Har yau ba ta da suna. Direbobi sun kawo sunaye kala-kala na ƙi, don a gidanmu mai riga shi ke raɗa suna. Kada ka aiko da shi a waya, kada ka ba wani saƙo. Ka riƙe shi a bakinka har ranar da za ka tsaya a ƙofar nan ka kira ta da kanka.

Allah Ya tsare min kai a inda kake, Ya sanya albarka a abin da kake ci, Ya sa mutanen Tawa su riƙe ka da mutunci. Allah Ya jiƙan Baba. Allah Ya ba Inna tsawon rai ta ga shigowarka, Ya ba Duna ƙarfin jira. Wanda Ya buɗe hanya aka tafi da kai, Ya buɗe ta ka dawo. Amin.

Ƙaninka mai zuwa a baya yana haki,
Habu
Khumra, Jidda, cikin watan azumi.