Ki Fara Koyon Faɗuwa

Townsville, 4 ga Mayu

Zuwa ga 'yata Kirra,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da karatu da sanyin Brisbane. Nan lafiya lau, sai gwiwata da ba ta daina tsegumi ba. Kawunki Warwick yana gaishe ki, ya ce har yanzu ba ki aiko masa da hoton da kika yi alkawari ba.

Na ji kin shiga wasan kokawar judo, kuma wai ranki ya ɓaci don an ɗaura miki farar ɗamarar 'yan koyo bayan shekara shida kina kokawar jiu-jitsu. To sannu, gimbiya! Ki ɗaura ta. A wasanku na da, in bayanki ya taɓa ƙasa, lokacin ne faɗa ya fara. A judo lokacin ne ya ƙare. Ki miƙe tsaye sosai, ki daina wannan duƙawar kamar mai neman allura, kuma kada ki kai hannu ƙafar kowa, alƙali zai kore ki.

Amma duk wannan ƙanana ne. In malamarku ta ce ki yi wata guda kina faɗuwa kawai, ki yi biyu. Haɓa a ƙirji, ki saki jiki, ki mari katifa da hannu gaba ɗaya. Kada ki tokare ƙasa da tafi, kada ki murɗe a sama don gudun faɗuwa da baya. Kuma kada ki shiga gasa a bana. Ba shawara ba ce wannan ta ƙarshen, roƙo ne.

Ni ne babanki mai ƙaunarki,
Neville

Townsville, 19 ga Mayu

'Yata Kirra,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fatan jikinki lafiya, don ni nawa hankalin ba ya kwance.

Saƙonki ya iso. Kin ce kin ba da sunanki a gasar ƙarshen wata, kuma wai wanda ya gudu ya bar judo shekara ashirin ba shi da bakin koya wa kowa. Maganar ta yi mini zafi, amma kina da gaskiya. Abin da zan faɗa yanzu ba zan iya faɗarsa a waya ba, shi ya sa nake ta rubuto miki kamar mutumin da.

Ba babur ne ya ɗora Kawunki Warwick a keken guragu ba. Ni ne.

Shi ma daga jiu-jitsu ya zo, kuma in kokawa ta kai ƙasa babu mai iya masa a garin nan. Ni na kawo shi ɗakin wasanmu. Da aka sa shi layin masu koyon faɗuwa, sai ya yi dariya ya ce, "Neville, ni da nake kwana a ƙasa za ku koya wa faɗuwa? Zo ka kayar da ni tukuna, mai ƙafar tsinke." Ya kamata in ce a'a. Girman kai ya hana ni. Na ɗauke shi a kafaɗa na juya, kaye mai kyau, irin wanda na yi wa mutum dubu. Maimakon ya saki jiki, sai ya ƙanƙame ni ya murɗe a sama, yana neman ya hau bayana kamar yadda ya saba. Da kai ya sauka, ni kuma na faɗa a kansa.

Ban ji marin katifa ba, Kirra. Wannan shirun ne yake bina har yau.

Shi ya ce mu ce babur ne, don kada ki taso kina yi mini kallon wanda ya karya amininsa. Jiya na gaya masa zan faɗa miki, ya ce, "Da ma ka faɗa tun tuni, tsohon matsoraci."

Na san halinki, ba za ki janye ba. To in an ɗaga ki, ki yarda an kayar da ke. Ki bar musu nasarar, ki dawo mini da wuyanki. Ina jin tsoro, ban taɓa jin irinsa ba.

Babanki,
Neville

Townsville, 2 ga Yuni

'Yata abar ƙaunata,

Ina gaishe ki da gajiya, da fatan ciwon haƙarƙarin ya yi sauƙi.

Kwana goma ba ki ce mini komai ba, na ɗauka kin yanke ni. Ranar Asabar na kasa cin abinci, na tafi gidan Warwick muka zauna muna kallon wayata kamar masu jiran likita. Sai ga bidiyon da kika turo.

Na ga doguwar yarinyar da aka haɗa ku ta kama kwalarki, na ga kin fara duƙawa, sai kuma kika miƙe. Da ta shiga ƙarƙashinki ta ɗaga ki, na ga ƙafarki ta fara neman bayanta. Sai kika saki. Kika sauka da baya, haɓa a ƙirji, hannunki ya mari katifa, fau!

Daƙiƙa goma sha ɗaya aka yi aka cinye ki. Kin rubuto cewa kin ji kunya. Ni kuwa ban taɓa alfahari da ke kamar ranar ba.

Warwick ya ce, "Kai, maido baya, ka ƙara murya." Sau bakwai muka kalla. A na ƙarshe, daidai lokacin da kika faɗi, sai ya ɗaga hannunsa mai motsi ya mari gefen kekensa tare da ke.

Ki huta, ki koma ranar Litinin da farar ɗamararki. Kuma don Allah ki aiko wa kawunki hoton da kika yi masa alkawari.

Ni ne babanki har kullum,
Neville