Nasidi da Gyaransa

Kilomita Biyar, Bangi
Watan Rajab, 1956

Zuwa ga yayana Mahaman, a Berberati.

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kana lafiya, kai da Amariya da yara, da kasuwar goro. Mu nan lafiya lau, sai zafi. Inna tana gaishe ka. Ka yi haƙuri da rubutuna, hannun da ya saba da basilla da fata ne.

Bayan haka, Yaya, ƙungiyar ƙwallon da ka kafa, Tauraro, ta jawo mana magana. Ran Lahadi Tauraro ta kara da 'yan kamfanin jirgin ruwa, masu zuwa fili da takalma masu haƙora, mu kuwa da tafin ƙafar da Allah ya ba mu. Muka ci su uku ba ko ɗaya. Duk ukun Nasidi ne, ɗan Inna Hureira mai ƙosai, wanda ka bari yana wanke tumbi a mahauta. Ya zama dogo yanzu. Baba Dabo makaɗin mahauta har take ya yi masa, kuma ba a wasa sai ya zo bakin fili da kalangunsa.

Kwana biyu sai ga Gaston, akawun kamfanin, da hular kwano da keke. Wai Baturensu yana son Nasidi. Za su ba Tauraro takalma da riguna da ragar gida, shi kuma Nasidi su sa shi a wurin gyaran jirgi ya koyi aikin inji.

Tun ranar unguwa ta rabu biyu. Mahauta sun ce ba a sayarwa, teloli sun ce a sayar. A teburin mai shayi Jatau mahauci ya ce, "Ɗan mutum ne ko ɗan maraƙi?" Kyauta tela ya ce, "Kai mai yanka maraƙi kullum, yau ka san tausayi?" Ya ɗora ƙafarsa a kan benci ya ce, "Ku dubi babban yatsana, ina farcen? Yana can cikin fili, ya riga ni shiga ƙasa!" Yanzu in tela ya je sayen nama ƙashi ake zuba masa, wandon da Kyauta ya ɗinka wa Jatau kuwa ƙafa ɗaya ta fi ɗaya.

Nasidi shi yana son tafiya. Ya ce mini tun yana ƙarami in ya ji ƙugin jirgi a kogin Ubangi sai ya ajiye abin da ke hannunsa.

Da gardama ta ƙi ƙarewa aka ce kai ka sayi ƙwallon farko, kai ne uban ƙungiya, abin da ka yanke shi ke nan. Ka ba Abdu direba amsa in zai juyo.

Ka huta lafiya. Ƙaninka,
Alhasan baduku

*

Berberati

Zuwa ga ƙanena Alhasan.

Na amsa gaisuwa, Amariya ma ta amsa. Uku ba ko ɗaya! Wallahi da Abdu ya miƙo takardar na karanta, na yi ihun da ya sa wata mata ta yar da tulunta. Na biya tulun, ban ji zafi ba.

A sayar. Ka faɗa wa Jatau ni na ce, in yana da magana ya hau mota ya zo. Mu da iyayenmu suka baro Kano da Damagaram suka bi goro da shanu har bakin Ubangi, mu ne za mu ɗaure wa yaro ƙafa don kada ya je bakin kogin? Ai ba kyauta ba ne. Kyauta ma ya sami takalmi, ko sauran faratansa sa tsira.

Amma kada ku ba ni kunya gaban Bature. Tayin farko ku ce albarka. Na biyu ma albarka, kuna kallon gefe kamar ba ku so. A na uku ku sallama. Kai za ka tsaya a madadina, don kai ne ba ka da saurin baki.

Sannan ka tuna maganar marigayi Baba, mai kaya shi ya fi kowa sanin kayansa. Ka duba yaron nan da kyau kafin a kai shi kasuwa, gwiwa, ƙirji, komai. Ba na son a dawo mana da shi kamar ruɓaɓɓen goro.

A gaida Inna. A gaida Jatau da gajeren wandonsa.
Yayanka, Mahaman

*

Kilomita Biyar
Farkon Sha'aban

Zuwa ga Yaya Mahaman.

Bayan gaisuwa da tambayar iyali. Takardarka ta iso, na karanta ta a teburin mai shayi. Teloli suka yi shewa, Jatau ya tashi bai shanye shayinsa ba.

Sai dai maganarka ta ƙarshe ta hana ni sakewa, don gwiwar Nasidi lafiya lau take, amma akwai abin da na daɗe ina gani na yi shiru.

Ka san wurin zamana a fili, kusa da Baba Dabo, da zare da basilla ko ƙwallo za ta fashe. Na lura ba kullum taken Nasidi yake kaɗawa ba. In mutum ya taso wa Nasidi ta dama, kiɗa yana tafiya yadda yake. In ta hagu ne, sai Baba ya matse kalangu a hammata ya yi wani ɗan kuka siriri, nan take Nasidi ya goce, mutumin ya wuce kamar an tura shi. Jama'a su ce yaron nan yana da ido a ƙeya. Na kuma lura in muna tafiya a hanya kullum sai ya zagayo ya bar ni a damansa. In mai shayi ya miƙo masa kofi ta hagu, sai ya kira sunansa kafin ya karɓa.

Na sami Baba Dabo yana ɗaure kalangu a ƙofar gidansa a unguwar Kokoro, na faɗa masa abin da na gani. Ya ce, "Ɗan nan, kai fata aka ba ka ka ɗinka ko mutane?" Daga baya ya gaya mini. Tun Nasidi yana yaro igiyar wani sa ta tsinke a mahauta ta zabge shi a fuska. Idon yana nan garau kamar na kowa, amma ba ya gani da shi. Daga uwarsa sai Baba suka sani. Ya ce, "Ni ne idonsa na hagu. Ban taɓa makara ba sai sau ɗaya, ranar da atishawa ta kama ni."

Nasidi da ya ji na sani, ya zo rumfata ya zauna a ƙasa. Ya ce, "Alhasan, don girman Allah ka bar ta a cikinka. In suka ji, ba ƙwallo ba, ko tsintsiya ba za su ba ni in share jirgi ba." Na ce masa in ya tafi ba kalangu, wasa biyu za su gane da kansu. Ya ce ya sani, amma ko wata ɗaya ne ya taɓa injin nan da hannunsa.

To ga ta nan, Yaya. In na faɗa, mai yiwuwa na kashe masa hanya. In na yi shiru, mun sayar da kaya mun ɓoye aibi, kuma bakina za a yi cinikin da shi. Gaston ya ce za su zo kafin azumi. Na iya jira, amma ba sosai ba.

Ƙaninka,
Alhasan

*

Berberati

Alhasan, gaisuwa.

Na karanta sau biyu. Na so in yi dariyar atishawar Baba Dabo, dariyar ta maƙale.

A faɗa musu. Gidanmu ba a taɓa sa goro mai kyau a sama a ɓoye mai tsutsa a ƙasa ba, ba kuma za a fara a kan ɗan mutum ba. Amma ba kai za ka faɗa ba, idonsa ne, bakinsa ya kamata. Ka lallashe shi, ka iya wannan. Ka ce masa in cinikin ya mutu, ni Mahaman zan nema masa wurin koyon inji wajen masu manyan motoci a nan, ko da zan yi ta bin su har takalmina ya ƙare.

Ka rubuto da wuri, Amariya ta ce na dame ta da zirga-zirga.
Yayanka

*

Kilomita Biyar
Ƙarshen Sha'aban

Zuwa ga Yaya Mahaman.

Gaisuwa da fatan za mu ga azumi lafiya. Ka nemi wuri ka zauna, kada wata ta sake yar da tulu.

Na yi ta bin Nasidi a hankali, ban matsa masa ba, har ranar da ya ce, "To, in na faɗi ka tsaya kusa da ni." Aka shimfiɗa tabarmi ƙarƙashin mangwaron bakin fili. Bature ya zo, wani ja mai gumi, aka ba shi kujerar mai shayi, Gaston yana juya magana da harshen Sango da Faransanci. Unguwa kaf ta fito, har mata a bayan darni.

Gaston ya lissafa kaya, na ce albarka. Ya ƙara ƙwallo sabuwa, na ce albarka, ina kallon mangwaro yadda ka ce. Kafin tayi na uku Nasidi ya miƙe. Ya ce, "Ku sani kafin ku saya, idona na hagu ba ya gani. Baba Dabo ne yake faɗa mini da kalangu."

Kyauta ya ce, "La ilaha! Da ido ɗaya yake yi mana wannan?" Gaston ya juya wa Bature. Bature ya goge wuya, ya sa hularsa, ya ce a yi haƙuri, zai sake tunani.

Yaya, ka san wanda ya tare masa hanya? Jatau! Jatau da ya rantse sai dai a bi ta kan gawarsa a sayar. Ya ce, "Gaston, faɗa masa! Da ido ɗaya ya zura muku uku, da biyu ne ai sai ku koma gida a kwalekwale! Wane ne shi da zai ƙi yaronmu?" Mahauta suka ɗauka, "Sai ya saya! Sai ya saya!" Teloli suka tsaya baki buɗe, an ƙwace musu magana.

Ana cikin haka Inna Hureira ta ratso maza da matsaminta a hannu, ko mayafi ba ta gyara ba. Ta ce, "Ku yi mini shiru, ku duk ba ku iya ciniki ba. Ni in na sayar da ƙosai ba na ba mutum haka nan, sai na ɗora masa gyara. Ku ɗora musu Dabo."

Baba Dabo ya ce, "Hureira, ni ne gyaran? Da furfurata?"

Ta ce, "To da mene ne kai? Ai gyara ya fi daɗi."

Gaston ya sha wuya kafin Bature ya gane mene ne gyara. Da ya gane ya ce a gwada. Aka ɗaure wa Nasidi ƙwallo a ƙafa, wato aka ba shi ita, aka sa Jatau da Kyauta su taso masa ta hagu. Baba ya ɗaga gula. Kalangu ya yi kukan nan, Nasidi ya goce, Jatau da Kyauta suka yi karo suka zube tare, wandon nan mai gajeriyar ƙafa ya yage har sama. Bature ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Ya ce ya saya, da yaron da tsohon, kuma inji ba ruwansa da ido biyu, kunne yake so, wannan yaron kuwa ya ga yana da shi.

Na ce, "Na sallama. Allah ya sa albarka." Gaston ya ce singila mingi, wato godiya mai yawa, ya tafi da ƙosai a hularsa.

Yanzu Nasidi kullum da safe yana gangarawa bakin kogi, yana dawowa baƙi ƙirin da man inji, haƙora a waje. An ba Baba Dabo rigar kamfani, yana sa ta a kan babbar riga. Takalma sun iso. Ranar da aka fara sa su kowa tafiya yake kamar kaza a kan garwashi, Kyauta ya cire nasa ya rataya a wuya wai kada su lalace. Shi ne kuma ya ɗinke wa Jatau wando, kyauta, ƙafafu daidai.

Saura abu ɗaya da ake ta muhawara a kai. Bayan salla za mu kara da 'yan kamfani. Jatau ya je ya roƙi Baba Dabo wai ranar ya yi atishawa. Baba ya ce shi an riga an ba da shi gyara, gyara kuwa ba ya komawa cikin kasko.

Ƙaninka,
Alhasan

*

Kilomita Biyar
Bayan ƙaramar salla

Yaya, barka da salla, a gaida Amariya da yara.

An buga, cikin ruwan sama. An ci mu ɗaya ba ko ɗaya. Ta hagu Jatau ya taso wa Nasidi, kalangu ya yi kuka, sauran ka sani.

Da ƙwallo ta shiga sabuwar ragarmu, ban san wanda ya fara ba. Na dai ga Kilomita Biyar kaf a cikin fili, mahauta da teloli, mun ɗaga Nasidi sama muna juyi da shi, mai tsaron gidanmu ne ma ya riƙe ƙafarsa ta dama. 'Yan kamfani suka koma gefe suna kallonmu. Gaston ya matso ya ce mini, "Alhasan, kun san ku aka ci?"

Na ce mun sani.

Ka zo da babbar salla ka gani da idonka. Inna ta ce ka taho da goro.

Ƙaninka,
Alhasan