Famfonmu Sai Huci

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ya ƙafar Inna? Ya yara? Mu nan lafiya lau, ɗinki ma yana tafiya.

Sai dai ruwa. Famfonmu na saman bene ya daɗe da ƙafewa, in an buɗe huci kawai yake yi. Wani lokaci nakan tsayar da keken ɗinki in kasa kunne, sai in ji kamar ruwan sama ne yake tahowa daga nesa, har ƙamshin randar Inna ya cika mini hanci.

Ruwan motar tanka muke saye, mu tace, mu tafasa. 'Yar autata ta ɗan yi ciwon ciki, har aka kwantar da ita a asibiti, amma ta warware. Don Allah kada Inna ta ji.

Jiya ina ba ta labarin rijiyar gidanmu, sai ta ce, "Mama, ita yaushe ake ɗauke ruwanta?" Na ce ba a ɗaukewa. Ta yi dariya, wai tatsuniya nake yi mata.

In Allah ya yarda, da hutu zan turo miki ita. Ki bar ta ta ja guga da hannunta.

Allah ya bar zumunci.

Ƙanwarki