Kogon Jirgi na Ghaletar

Zuwa ga Yayana Harka,

Gaisuwa mai yawa. Ina fata kai da matarka Yaya Sabitri kuna lafiya a Siliguri.

Na san ka rantse ba ka ƙara taka ƙauyen nan tun da mijina Phurba ya sa aka cire tsohon dogo, aka mayar da layin hanyar masu yawon hawan dutse. Ajiye wannan tukuna. Jiya ya shiga kogon da jirgin ƙasa ke bi ta cikin dutse a da, tare da baƙi huɗu daga Kalkata, ruwa ya kece, dutse ya zaftaro ya toshe bakin kogon gaba da baya. Wayar gari ta tsinke, shi ya sa na ba mai madara takardar nan. Maza sun fara haƙa ta ƙasa. Kai ka yi aikin layin nan, ka faɗa mana abin yi.

Ƙanwarka,
Dhanmaya

Dhanmaya,

Muna amsawa. Na sha faɗa wa mijinki cewa kogon da Babanmu ya huda da guduma ba wurin wasa ba ne. Ya ce da ni, "Tsoho, jirginka ya mutu, mu kuma ba za mu ci tsatsa ba." To, ga shi.

Ku daina haƙa ta ƙasa yanzun nan! Ruwa na taruwa a bayan ƙasar da ta toshe kogon. Kuka huda ta, da ku da su za a tsinta a rafi. Akwai ramin hayaƙi ta sama, cikin gonar shayi. Ku neme shi.

Gwiwata ba ta hawan dutse. Ki gaida yara.

Harka

Yaya,

Gaisuwa a gurguje. Na karanta musu takardarka, suka yi mini ca. Wani ya ce, "Mutumin da ke gaba da Phurba ne zai koya mana cetonsa?" Na je na zauna a kan ƙasar, na ce mai son sara ya fara da ni. Sun dakata, amma sun ce zuwa gobe kawai.

Mun tattake gonar shayin kaf, ba mu ga rami ba. Da farko muna jin ana buga ƙarfe daga ciki. Yau sau ɗaya aka buga. Ruwa kuma ya fara tsattsafowa inda nake zaune.

Ba zan roƙe ka ba. Ka dai sani.

Dhanmaya

Sabitri,

Ina gaishe ki. Na iso ƙauyen a kan alfadari. Ramin yana nan, saiwa ce ta rufe shi. Mun zura igiya, baƙin sun fito da rai. Phurba ne na ƙarshe, da karyayyiyar ƙafa, ruwa ya kai masa ƙirji.

Bai gaishe ni ba, ni ma ban gaishe shi ba. Amma kafaɗata ya dafa har gida.

Ki aiko mini da rigar sanyi. Zan ɗan kwana biyu.

Mijinki,
Harka