Teburin Mutum Biyu a Salvador

Wheaton, Maryland
Ranar Asabar da hantsi

Zuwa ga matata, Hajiya Balaraba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya yalwata miki makwancinki, Ya haskaka shi. Na san wannan takarda ba za ta iso gare ki ba. Babu gidan wayan da zai karɓe ta, kuma kin riga kin wuce inda ake karatu. Duk da haka na zauna ina rubutawa, domin akwai maganar da zan faɗa wa 'yarmu Ummi gobe, kuma ban ga ya dace ta riga ki ji ba.

Wata goma sha ɗaya ke nan da rasuwarki. Gida yana nan yadda kika bar shi. Ina nan ina tuƙa motata ta kai marasa lafiya asibiti. Cikin tukwanen attarugunki uku da ke baranda biyu sun bushe, ɗaya ya yi 'ya'ya, ban kuwa tsinke su ba. Mai kantin kayan Afirka ya ce har yanzu akwai masu zuwa ranar Asabar suna tambayar ƙosanki, sai ya sanar da su, su yi miki addu'a su tafi.

Labarin da ya fi nauyi shi ne na Ummi. Ta rubuta takardar ajiye aikinta na nas, kuma jibi Litinin za ta miƙa. Ta ce wadda ta kasa ganin cuta a jikin mahaifiyarta ba ta cancanci a damƙa mata mahaifiyar wani ba. Kin san wahalar da yarinyar nan ta sha kafin ta sa wannan rigar. Ta rame. Idan na je wurinta a Takoma Park, sai ta ɗauko hotunan tafiyarmu Brazil, ta riƙa faɗaɗa su da yatsa a kan waya. Ba fuskokinmu take kallo ba, farantanki take kallo. Sau uku tana tambayata ko kina cin abinci sosai a can. Sau uku ina ce mata kina ci.

Ƙarya na yi mata, Balaraba. Bari in tsara miki abin daga farko, yadda ya faru.

Kin tuna ke kika zaɓi Salvador, garin nan na Brazil. Wata abokiyar aikin Ummi, 'yar can, ita ta ba ki labarin cewa a garinsu mata suna soya ƙosai da manja a bakin teku. Kika ce sai kin ga wannan da idonki, Ummi kuwa ta shirya mana tafiyar. Ni ban so ba, amma na yi shiri irin nawa. Kin san ban yi karatu mai zurfi ba. Duk abin da na sani game da lafiya, a 'yan ƙasidun nan na ɗakin jira na koya, waɗanda nake ɗauka ina karantawa yayin da nake jiran marasa lafiyata su fito. Shekara goma sha bakwai ina tara su a fayil, kowace cuta da gurbinta. Kina yi mini tsiya, kina ce mini likitan da bai da allura. Kafin mu tashi na haddace ta matafiya: kada a sha ruwan famfo, kada a sa ƙanƙara, kada a ci ɗanyen ganye, kada a ci abincin titi. Na sa abokiyar Ummi ta rubuta mana kati da yarensu cewa ba ma cin naman alade, ba ma shan giya, na kai aka rufe shi da leda.

Washegarin isarmu muka sami mai ƙosan. Mace ce babba, sanye da fararen kaya da ɗaurin ɗankwali kamar na matan gida. Nasu ƙosan ƙato ne, ana tsaga shi da wuƙa a zuba jatan lande da yaji a ciki. Kika tsaya kina kallon yadda take buga ƙullu, kika girgiza kai, kika nuna mata da hannu cewa bugun bai isa ba. Ta tuntsure da dariya ta miƙo miki muciyar. Babu wanda ya ji yaren wani a cikinku, amma kun fi minti ashirin kuna gardama. Da ta ba ki naki, kika gutsura sau ɗaya, kika daɗe kina taunawa, sannan kika naɗe sauran a takarda kika ce sai an jima. Ni kuma na ji daɗi. Har na yaba miki, na ce kin yi hankali da kika bi dokar abincin titi. Ina tuna wannan yabon, sai in ji kamar in tsaga ƙasa in shige.

Akwai abin da ban taɓa lura da shi ba sai a can. Shekara ashirin da shida muna tare, ban taɓa ganin kin ci abinci daga farko har ƙarshe ba. A Funtuwa haka mahaifiyarki take yi, haka tawa. Ki jera mini nawa a tire, ki rufe, ki koma kicin ki ci naki bayan na gama. Mun zo Amurka, mun canja abubuwa da yawa, wannan ba mu canja ba. Ban taɓa ce miki ki zo ki zauna ba. Na ɗauka girmamawa ce, na karɓa, ban tambaya ba.

A Salvador kuwa babu kicin ɗin da za ki shiga. Kwana biyun farko kin ce zafi ya hana ki ci, kika sha ruwan kwakwa. A rana ta uku, bayan la'asar, muka shiga wani gidan abinci a bakin teku, kujerunsa a kan yashi. Mai hidima ya kai mu wani ƙaramin tebur mai kujera biyu, ɗaya tana fuskantar ɗaya. Kika yi 'yar dariyar kunya, kika gyara mayafinki. Na miƙa masa katina, ya karanta, ya ɗaga babban yatsa. Ya kawo mana miyar kifi a kaskon ƙasa, tana tafasa, da manja da madarar kwakwa, ga shinkafa, ga soyayyen garin rogo, ga wani abu mai laushi kamar talgen tuwo. Kika sunsuna, kika ce waɗannan mutane danginmu ne da suka ɓata. Fuskarki ta yi haske. Ban taɓa ganin kin so abinci kamar yadda kika so wannan ba.

Kin san halina na ƙirga. Na ƙirga. Cokali bakwai kika ci. Bayan kowane cokali sai kin kurɓi ruwa, sai kin ɗan miƙe wuya, sai kin dafa ƙirjinki da tafin hannu kina jira ya wuce. Kifin ba ki taɓa shi ba. Shinkafar kin gwada sau ɗaya kika bari, kika koma kan mai laushin kaɗai. A cokali na bakwai kika tashi kika nufi bayi. Da kika dawo idanunki sun yi ruwa. Sai a lokacin na ga zobenki na azurfa ya bar yatsansa, kin mayar da shi na tsakiya don kada ya zame.

Mai hidimar ya zo ya tsaya, hankalinsa a tashe, yana nuna kaskon yana tambaya da hannu ko abincin ne bai yi ba. Baƙo, wanda bai san sunanki ba, ya ga abin cikin minti goma, ya kuma yi magana.

Ni kuwa na san abin da nake gani. Ƙasidar tana gida, a koren fayil, a gurbin cututtukan maƙogwaro da hanyar abinci. Na karanta ta ya fi sau goma. Ina zaune a gaban teku ina ganin layukanta ɗaya bayan ɗaya: abinci ya riƙa tsayawa a ƙirji, mutum ya koma cin mai laushi, ya rame ba dalili, a ga likita ba tare da jinkiri ba. Kika ɗago kika dube ni. Ba kallon mai ɓoyewa ba ne. Yanzu na gane jira kike yi. Ni ne mutumin da ya taɓa kai Ummi asibiti saboda tari na kwana ɗaya. Ni ne mai auna miki hawan jini duk safiyar Juma'a. A gidanmu, idan Malam bai tsorata ba, to babu abin tsoro. Haka na horar da ku.

Sai na buɗe baki na ce manjansu ne ya yi nauyi, bai kai namu kyau ba. Kika ce haka ne, Malam.

Me ya sa na faɗi haka? Na yi wa kaina wannan tambaya a kowace danja da na tsaya. Duk tsoron da na yi a rayuwata na ƙananan abubuwa ne, waɗanda na san likita zai yi murmushi ya sallame mu. Da babban ya zo ya zauna a gabana, sai na kasa kallonsa. Na ji idan na kira sunansa a wannan teburin, zai tabbata. Da yamman Ummi ta bugo waya, ta tambayi lafiyarki, ta tambayi abinci. Ni na karɓe wayar, na ce mamanta tana ta kwasar daɗi.

Sauran kwanaki huɗun na canja dabara. Duk inda muka shiga sai in zaɓi kujerar da ke gefenki, in ce ina so mu kalli teku tare. Kin ɗauka soyayya ce ta zo mini da tsufa, har kika tsokane ni. Gudun fuskarki nake yi.

Da muka dawo Wheaton kika koma kicin da cin abincinki, ni kuma na ji sauƙi. Allah Ya yafe mini, sauƙi na ji. Na cire ƙasidar daga fayil na kai ta mota na cusa a ƙarƙashin kujera, kamar ita ce mai laifin. Ummi tana zuwa duk Lahadi, kina ce mata kin riga kin ci, kina sa manyan riguna. Wata biyar muka yi haka, har ranar da ruwa ma ya ƙi wucewa. A asibiti likita ya tambayi yaushe abin ya fara. Kika ce kwanan nan. Ummi tana tsaye tana fassarawa, ta juyo ta dube ni. Na sunkuyar da kai ina gyara takardunki.

Na san kwana idan ya ƙare ya ƙare, kuma ban yi jayayya da hukuncin Ubangiji ba. Likitan ma ya ce irin wannan ciwon daji sau da yawa ba a gane shi sai ya yi nisa, kuma babu mai iya cewa wata biyar za su canja wani abu. Mai yiwuwa ne. Amma ba za a tambaye ni kwananki ba. Shiruna za a tambaye ni.

Tun da kika tafi ban ci abinci a teburin gida ba. A tsaye nake ci, a kicin, a daidai inda kike tsayawa. Wani lokaci ina alwala sai in ji ƙarar ajiye kofi a bayana, da wannan 'yar haɗiyar mai wuya, in juya babu kowa. A cikin jirgin ƙasa na Metro wuyan mutane nake kallo. Makon jiya wata dattijuwa da nake kaiwa wankin ƙoda ta kurɓi ruwa ta dafa ƙirji, na taka birki a tsakiyar titi har na bayana suka yi ta danna oda. Ta ce ba komai, ƙwarewa ta yi.

Duk wannan zan iya ɗauka, nawa ne. Abin da ba zan iya ba shi ne in ga Ummi ta ɗauki kayan da ba nata ba ta jefar da aikinta saboda shi. Tana ganin alamun suna fili ita ce ta makance. Ba ta san an rufe mata ido ba ne, ke da kunyarki, ni da tsorona. Mutum ɗaya ne ya gani sarai, ya kuma san sunan abin da ya gani, wato ni. Idan ta san haka, ina kyautata zaton za ta yaga takardar. Ina kuma tsoron ba za ta sake kallona yadda take kallona ba. Ita kaɗai ta rage mini a ƙasar nan, Balaraba. Kin san idan ranta ya ɓaci Hausa guduwa take yi daga bakinta, ta koma Turanci mai sauri wanda rabinsa kawai nake kamawa. Gobe ina jin har rabin zai ishe ni.

Na yanke shawara. Gobe bayan azahar zan tafi, kuma bas zan hau, don ban amince da hannuna a kan sitiyari ba. Ba zan yi mata doguwar shimfiɗa ba, kin san ni da kewaye-kewaye. Zan gaya mata ranar, da teburin, da abin da na gani, da abin da na ce. Ba zan nemi ta yafe mini a gobe ba. Abu ɗaya zan roƙa, ta tafi aikinta ranar Litinin. Idan ta ce in fita, zan fita, in dawo Lahadi mai zuwa in ƙwanƙwasa.

Tambaya ɗaya ce ban shirya mata amsa ba, kuma na tabbata za ta yi ta. Za ta ce, ita Mama ta sani? Lokacin da kika ce haka ne, Malam, kin yarda da ni ne, ko kuwa kin ga tsoron da ke fuskata kika rufa mini asiri? Wata bakwai ina jinyarki, dare da rana, ina da damar tambaya, ban tambaya ba. Yanzu amsar tana wurinki, kuma zan gaya wa 'yarmu ban sani ba, domin wannan kam gaskiya ce.

Ki yafe mini, idan ana yafiya daga inda kike. Allah Ya jiƙanki, Ya sa kin huta, Ya haɗa mu a inda babu abin ɓoyewa.

Na bar ki lafiya.

Ni ne mijinki,
Malam Tanimu